Kimiyya a tsakar gida: abin da tulu, kanwa da ƙwayar hatsi za su koya ma yaro

Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara uku zuwa bakwai ya san wannan tambaya: "Don mi?" Don mi ruwan tulu ya fi na bido sanyi? Don mi wata ke bin mu in muna tafiya da dare? Don mi gawo ke zubar da ganyensa da damana, alhali sauran itatuwa sai lokacin suke yin kore? Uwa tana fama da daka, uba ya dawo daga gona ko kasuwa a gajiye, amsar da ta fi saurin fita daga baki ita ce "kai, ka cika surutu". Yaro ya ja bakinsa ya yi shiru. In aka yi ta yi masa haka, darasi guda zai ɗauka, cewa tambaya rashin kunya ce. Da wannan darasin zai shiga lakwal, ya zauna can bayan aji, ya haddace abin da mushe ya rubuta a allo, shekara ta ƙare bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba.

Mu a ganinmu wannan hasara ce babba, kuma ba ta da dalili, don kayan da ake bukata a fara koya ma ƙaramin yaro kimiyya duk suna nan cikin gidajenmu. Ba sai an kashe ko dala ba. Ba sai uwa ko uba sun yi boko ba. Abin da ake so yaro ya saba da shi ɗabi'a ce: kafin a gwada abu, ya faɗi abin da yake zato zai faru, a ajiye abu biyu iri ɗaya, a canza ma ɗaya abu guda tak, a bar ɗayan yadda yake, sannan ya duba da idonsa, ya taɓa, ya ƙirga. Masu bincike da ke aiki da manyan na'urori ma a kan wannan hanya suke tafiya.

Mu fara da tulu

Ruwan sanyi shi ne abin da kowa ke nema da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi, Tawa ko Damagaram. To, a samu kwalabe biyu na roba masu girma ɗaya, a cika su da ruwan rijiya ɗaya ko famfo ɗaya. A naɗe ɗaya da tsumma ko guntun buhun algarara, a jiƙa shi sharaf. Ɗayar a bar ta haka nan. A rataye su duka biyu a inuwa guda, inda iska ke kaɗawa. Sai a tambayi yaro: "Wacce kake jin za ta fi sanyi in an jima?" Ko mi ya faɗa, kada a gyara masa. Bayan awa ɗaya ko biyu, a zuba masa ruwan kowace a hannu ya ji da kansa.

Zai tarar da mai tsumman ta fi sanyi, kuma zai tarar tsumman ya fara bushewa. Nan ne wurin tambaya ta biyu: ina ruwan tsumman ya tafi? Abin da ke faruwa shi ne, ruwa ba ya iya tashi ya bi iska sai ya samu zafi, kuma zafin nan daga jikin kwalbar yake jawo shi. Duk ɗigon da ya tashi, ya tafi da ɗan zafi. Ga ƙaramin yaro ba sai an tsawaita bayani ba. A jiƙa masa hannu ɗaya, a bar ɗaya busasshe, a ce ya kaɗa su cikin iska. Shi zai gaya maku wanne ya yi sanyi. Daga nan kuma ya gane amfanin zufar da ke fito masa in ya yi gudu.

Tulu da randa haka suke aiki. Yumɓun da aka gasa yana da ƴan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa na tsatsafowa ta cikinsu zuwa bayan tulun, iska ta kwashe shi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa bayan tulu mai kyau kullum da danshi, shi ya sa kuma ruwansa ke raguwa ko ba wanda ya sha. Bido na roba ba shi da waɗannan ƙofofin, sai an yi masa rigar buhu, kamar yadda direbobi da makiyaya ke yi. Salka ta fata ma wannan hikimar ce. Yaron da ya ɗan tasa ana iya sa shi ya lura da wani abu: tulu ya fi sanyaya ruwa da rani fiye da tsakiyar damana, saboda da damana iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar ruwa da sauri.

Kada a raina wannan ilimi. Wani malamin makaranta a arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan magina tukwane, ya ɗauki wannan hikima ya yaɗa ta a ƙauyuka: ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir, gauta da ganye sai su yi kwanaki ba su lalace ba, babu kuran, babu firigo. Aikin ya sa ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Tukwane biyu irin na Mirya da rairayin ƙofar gida sun isa a gwada tare da yara. A sa tumatir ɗaya ciki, a bar ɗan'uwansa a waje cikin inuwa, kowace safiya yaro ya je ya dubo su.

Zoɓo da kanwa

Wannan shi ne gwajin da ya fi sa yara ihu, kuma kayansa na wurin uwar gida. A jiƙa zoɓo, a tace, a ƙara masa ruwa har ya zama ja mai haske wanda ake hango abu ta cikinsa. Kada a sa sukari. A raba shi cikin kofunan gilashi uku, irin na shayi. Kofi na farko ba a taɓa shi. Shi ne shaida, da shi za a riƙa kwatanta sauran. A na biyu a matsa lemun tsami. A na uku a ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan.

Na lemun zai ƙara ja, ya yi haske. Na kanwa kuwa zai juya a gaban idon yaro, ya yi duhu, daga ja ya koma wajen shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu, gwargwadon yawan kanwar. Sai a tambaye shi: "Za mu iya maido shi ja?" A ba shi lemun ya matsa a cikin kofin kanwar da hannunsa. Zai ga ƴan kumfa na tasowa, jan kuma yana dawowa.

Launin da ke cikin zoɓo yana canzawa ne bisa ga abin da ya haɗu da shi. Abubuwa masu tsami, irin lemun tsami da tsamiya, gida ɗaya suke. Kanwa, ruwan toka da sabulu su ma gidansu ɗaya, kuma kishiyoyin masu tsami ne: in suka haɗu, kowane yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Kumfar da ta taso iska ce da ke fita daga kanwa in tsami ya taɓa ta, irin wadda ke cikin lemun kwalba. Wata rana a aji za a gaya ma yaro sunayen waɗannan gidaje biyu da Faransanci, asid da baz. Wanda ya taɓa ganin zoɓo ya juya a hannunsa, kalmar za ta samu wurin zama a kansa. Wanda bai taɓa gani ba, hadda kawai zai yi, ya manta bayan jarrabawa.

Abin da ya kamata a faɗa a nan shi ne, uwayenmu mata sun daɗe da sanin wannan aiki. Mai miyar yakuwa da ta jefa ƴar kanwa don ta rage tsami, abin da ya faru cikin kofi na uku shi take yi a tukunya. Saboda haka uwa ta gaya ma ɗiyarta haka nan kai tsaye: "Kin ga abin da nake yi ma miya ke nan." Daga nan sai a bar yara su nemo abubuwan da za su gwada da kansu, ruwan tsamiya, ruwan toka, kumfar sabulu, ruwan gishiri, kowane su fara faɗin gidan da suke zato zai faɗa. Gishiri zai ba su mamaki, don ba zai canza komi ba, kuma wannan ma sakamako ne. Sharaɗi guda: abin da aka yi gwaji da shi ba a shan sa, zubarwa ake yi.

Aikin da zai amfani gona

Yara na son su ji cewa abin da suke yi yana da amfani ga manya. Kafin ruwan shuka ya sauka, a ba su aikin gwada iri. A ɗebo ƙwayar hatsi daga cikin irin da aka ajiye, ba tare da zaɓe ba, a ƙirga 100. Ƙaramin da bai kai ƙirga ɗari ba ya jera goma-goma har layi goma, ko a ba shi wake 10 nasa na kansa. A shimfiɗa su a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, a naɗe, a ajiye a inuwa inda kaji da ɓeraye ba su kaiwa, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe, kada kuma ya yi ta iyo cikin ruwa. Hatsi mai rai ba ya daɗewa, cikin kwana biyu zuwa uku an fara ganin farar saiwa. Bayan mako guda a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira.

In 90 suka fito, maigida ya san irinsa na da ƙarfi. In ko rabi ba su kai ba, ya samu labari tun da sauran lokaci, ya nemi wani iri kafin ya zuba wahalarsa da ruwan farko a banza. Yaron da ya kawo ma babansa wannan labari ba zai manta da ranar ba. Kuma ba tare da an ambaci sunan lissafi ba, ya fara sanin abin da ake nufi da kashi kaza cikin ɗari.

Da wake ana iya ƙarawa. A shuka a gwangwani biyu, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, ɗaya a haske, ɗaya a kife masa tukunya. Yawancin yara za su ce na cikin duhu ba zai fito ba. Zai fito, har ya fi ɗayan tsawo, amma siriri, rawaya, ba ƙarfi, don abincin da ke cikin ƙwayar kawai yake ci yana miƙewa neman haske. Irin wannan gwajin da ke karya zaton yaro ya fi wanda ya gaskata shi daraja, muddin ba a yi masa dariya ba.

Ruwan sama da sauro

Kowace damana kuna jin ana faɗa a rediyo cewa an samu milimita kaza a gari kaza. Yaro na iya auna na gidansu. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, a ɗora shi a fili nesa da indararo da itace, a tokare shi kada iska ta kayar. In ruwa ya ɗauke, a tsoma abin awo na ƴan makaranta a ga zurfinsa. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ke nan ruwan milimita 20 a gona mai hekta ɗaya lita 200.000 ne, daidai da tano 1000 mai cin lita 200. Wanda bai iya karanta lamba ba tukuna ya tsoma kara, ya karya shi daidai inda ruwa ya tsaya, ya riƙa jera karan a jikin bango. Ƙarshen damana zai ga da idonsa wane ruwa ya fi yawa.

Bayan an auna a zubar da ruwan, kuma ga dalili da yaro zai iya gani. A ɗebo ruwan da ya kwana biyu a tsohuwar taya ko fasasshen kasko, mai ƴan tsutsotsin nan da ke wutsil-wutsil, a zuba a kwalbar gilashi, kada a cika ta, a ɗaure bakin da ƙyalle tam. Yara da yawa, har da wasu manya, ba su san ko ƴaƴan mi ne ba. Cikin ƴan kwanaki, bai cika wuce mako biyu ba, za a wayi gari a ga sauro na tashi cikin kwalbar. Kada a buɗe. A ajiye ta cikin rana haka nan har su mutu. Yaron da ya ga wannan ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi kan masassarar cizon sauro. Shi da kansa zai bi gida yana kife gwangwanaye.

In ba a san amsa ba fa?

Nan ne uwaye da yawa ke jin nauyi, suna ganin girma zai zube in suka ce ma yaro ba su sani ba. Ba ya zubewa. "Ban sani ba, zo mu gwada" ko "bari mu tambayi kakanka" amsa ce mai kyau ƙwarai. Maƙeri, magini, marini, mai gyaran rediyo, mai ɗora pano na hasken rana, kowanensu yana da bayanin da zai yi ma yaro in an kai shi da ladabi. In kuma gwaji bai fito yadda ake so ba, kada a ɓoye, a nemi dalili tare: ko ƙyallen ya bushe, ko kanwar ta yi kaɗan, ko kwalbar ɗaya rana ta taɓa ta.

Cewa "ikon Allah ne" gaskiya ce, ba mai musu. Sai dai bai kamata ta zama murfin da ake rufe bakin yaro da shi ba. Ana iya cewa ikon Allah ne, sannan a ƙara da "zo mu ga yadda ya tsara shi".

Sai maganar ƴan mata. Su ne kullum kusa da murhu, da tulu, da kanwa, amma sau da yawa aike kawai ake yi masu, ba a tambayar ra'ayinsu. In za a yi gwaji, kada ya zama ita ke ɗauko kofi da wankewa, ɗan'uwanta namiji ke zubawa da faɗin abin da ya gani. Kowa ya zuba, kowa ya wanke.

A yi duk wannan da harshen gida. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, masanin kimiyya da ya ba da rayuwarsa ga binciken amfani da hasken rana har rasuwarsa a 1991. Tun a littafin da ya fitar a 1964 kan ilimi a Afirka ya tsaya a kan cewa a koyar da yara da harsunansu. Yaron da ya fahimci abu da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek, ko Barbarci, ɗora masa sunan Faransanci daga baya abu ne mai sauƙi.

Abubuwan da ba a wasa da su

Akwai kayan da ba su shiga wannan harka ko kusa. Soda ta haɗa sabulu tana ƙona baki da maƙogwaro, kuma narkakkiyarta kamar ruwa take a ido. Isansi da kananzir da ake zubawa a kwalbar lemu, maganin ƙwari na gona, ruwan zabel, ruwan batir, da ƙananan pil masu kama da maɓalli, duk a ɗaga su inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ruwan zabel ba a haɗa shi da komi, don yana iya fitar da iska mai guba. In tsautsayi ya sa yaro ya sha soda ko isansi, kada a sa shi amai, a garzaya da shi likita nan take. Duk abin da ya shafi wuta ko ruwan zafi hannun babba ne ke yi. Bokiti ko baho mai ruwa kuma ba a barin mai rarrafe kusa da shi.

Da ɗari, in iska ta bushe, a goga matajin roba a gashi ko a bargo, a kusantar da shi ga ƴan gutsattsarin takarda, za su yi tsalle su manne. Mayen ƙarfen da ke bayan lasifikar tsohuwar rediyo kuma, a sa yara su zagaya gida da shi su ware abin da yake kamawa da wanda ba ya kamawa: ƙusa e, tukunyar alminiyo a'a, ko da yake duka biyu ƙarfe muke ce masu.

Sanda da inuwa

A kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili mai laushi, a sa yaro ya riƙa ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta da hantsi, da tsakar rana, da yamma. Zai ga inuwa na gajarta har ta kai iyakarta, sannan ta juya gabas ta fara tsawo. Da wannan juyawar malamanmu ke gane shigar azahar tun kafin agogo ya zo, la'asar kuma in inuwa ta ƙaru da tsawon sandar a kan abin da ya rage mata da tsakar rana. A yankin Maraɗi da Yamai, sau biyu a shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu da tsakiyar Agusta, rana na bi ta tsakar ka sosai, inuwar sandar ta kusa ɓacewa ɗungum. A gargaɗi yara tun farko: inuwa ake kallo a ƙasa, ba a ɗaga ido a kalli rana.

Akwai kuma ranaku biyu da ya kamata a sa ma alama. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijar, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 10 da minti 27, rana tana tsaye daidai saman Ka'aba. A wannan lokacin, in sama ba gajimare, inuwar duk sandar da ke tsaye sak tana kwantawa ne ta ba alƙibla baya. Yaro ya ja layi daga ƙarshen inuwar zuwa gindin sandar, ya zarce da shi gaba. Inda layin ya nufa, nan ce alƙiblar gidanku. Sai ya je ya kwatanta da inda aka saba shimfiɗa tabarmar salla.